Takarda Biyu a Jakata

Shekara biyar ina yi wa mahaifiyata wanka tun da ɓarin jikinta ya shanye, amma wai wannan ba aiki ba ne. Haka Sisi Nokuthaba ta faɗa mini ta waya daga Ingila, ita da muke rera waƙa a coci ɗaya kafin ta tafi.

"Silibaziso, mutanen nan ba sa lissafa uwa. Nemi gidan tsofaffi ki yi musu wata uku kyauta, su ba ki takardar shaida. Inda nake aiki za a ɗauki mutum biyu, na riga na ba da sunanki. In babu takardar, babu biza."

Ji fa! Uwar wani aiki ce, tawa kuma ba komai ba. Na ja tsaki, amma washegari ina cikin kombi, ƙaramar motar haya, zuwa gidan tsofaffi.

Kullum sai in bar Mama wajen maƙwabciyarmu MaSibanda, in ratsa Bulawayo in je in goge wa iyayen wasu baki. Hankalina bai taɓa kwanciya ba. Ina ba tsohuwa loma, idona na kan waya. Na shiga zaurukan WhatsApp bakwai na masu neman tafiya, wannan ta ce an rufe biza, waccan ta ce ƙarya ne. Har na rame.

Bayan wata ukun, ranar Juma'ar da wa'adin neman aikin zai cika, dole takardar ta isa Ingila kafin ƙarfe huɗu. Tun safe nake zarya a ƙofar shugabar gidan, MaDlodlo. Ta tafi taro. Ta dawo. Tana shan shayi, kamar da gayya.

"Ke yarinya, za ki cinye mana simintin nan," in ji Gogo Nyathi, wata tsohuwar gidan, daga kan kekenta na guragu. 'Ya'yanta uku duk suna Ingila, aikin da nake nema suke yi.

Sai ƙarfe uku MaDlodlo ta kira ni. Ta sa hannu, ta buga hatimi. Na ɗauki hoton takardar na tura nan take. Na miƙe zan fita sai ta turo mini wata.

"Wannan fa?" na tambaye ta.

"Ta nema wa mahaifiyarki gadon kwana a gidan nan ce. Duk wadda na ba ta farko, bayan wata biyu sai ta dawo tana kuka tana neman wannan. Cike ta tun yanzu, layin da tsawo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in yaga ta a gabanta. Ban yaga ba, na ninke na sa a jaka.

A gida na tarar da Mama a bakin ƙofa, MaSibanda ta fito da ita shan iska. Na nuna mata takardar shaidar. Ta yi guɗa da rabin bakinta, ta shafa hatimin da hannunta mai lafiya.

"Ɗayar fa?" ta ce.

"Wace ɗaya?"

"Kar ki mai da ni yarinya. 'Yar MaSibanda ma biyu aka ba ta."

Na tsaya riƙe da jaka. Kunya ta kama ni.

"Ɗauko biro," in ji Mama. "Ki rubuta musu ina son gado kusa da taga. Kuma ba na cin kabeji."