Aron Kunne

"Rage! Don Allah rage, Mas'udu, kajina sun bar ƙwai!"

Balarabe ke nan, tsaye bisa turmi, yana leƙen katangar maƙwabcinsa. Mas'udu bai ko waigo ba.

Duk garin Talata Mafara shi kaɗai ya rage mai gyaran tsofaffin amfilifayoyin jita, masu kwalabe a ciki da ke yin ja in sun ɗau zafi. Yana da wani ɗan akwatin gwaji mai kuka ɗaya, tuuu. Da ƙuruciya kaɗan yake sakinsa, daidai kaɗa tsirkiya, ya riƙa ƙarawa har ya ji inda muryar amfilifayar ke fashewa. "Gwaji gishiri na," in ji shi, "in ya yi yawa ba ka jin miya." To, tsufa ya cinye kunnen, gishiri ya koma buhu, unguwa kuma ita ke shan miyar.

Balarabe ya rantse ba ya ƙara taka gidan. Amma rantsuwar maƙwabci ba ta kai damina. Ran nan da hantsi sai ga Taibatu, matar Mas'udu, bakin zaure.

"Malam, maigidan na kira. Jikin ya ƙiya."

Ya tarar da shi kwance kan tabarma, ya rame kamar kara, amfilifaya a gefensa.

"Wagga ta wani Buzu ta, mai kiɗin biki a Bakura," in ji Mas'udu. "Na gyara, gwaji yar rage. Ba ni son in tahi da amanar mutane. Ara min kunnenka."

"Kunnen da kak kashe?"

"Mi?"

"Na ce to!"

"Murɗa sannu. In ka ji ta fashe, ɗaga hannu."

Balarabe ya ga banza ta faɗi. Ya ɗan taɓa maɓallin, ƙarar ba ta kai ta sauro ba, ya ɗaga hannu har da yamutsa fuska. Mas'udu ya miƙa tafin hannu ya ɗora a jikin sifikar.

"Ƙarya kakai, Balarabe. Ko tusar akuya ta hi wanga. Gaban mai mutuwa ma?"

Taibatu ta toshe baki da mayafi. Kunya ta kama Balarabe. Ya gyara zama ya murɗa, sannu, sannu. Kukan ya cika ɗaki, kwanonin jere suka fara rawa, kajinsa suka ruɗe a bayan katanga. Ya cije. Can sai muryar ta yi gargada, kamar zakara mai mura. Ya ɗaga hannu.

"Nan na," in ji Mas'udu, tafinsa na kan sifikar. "Ta yi lahiya. Rage kaɗan, ka sa ƙusa ka karce wurin. Allah shi saka. Ka ba kajin haƙuri."

Bai kai la'asar ba.

Bayan addu'ar uku unguwa ta yi tsit. Kaji suka koma ƙwai. Balarabe ya shimfiɗa tabarma don ƙailula, ya juya dama, ya juya hagu, ya yi tsaki, ya tashi ya nufi gidan mamacin.

"Taibatu, Buzun ya zo?"

"Sai gobe, Malam."

"To bari in duba mai, kar ta yi sanyi."

Ya shiga ɗakin, ya kunna, ya kai maɓallin kan karcen ƙusa. Ya zauna gefen tabarmar da aka naɗe, tafinsa a jikin sifikar, yana kallon kwalaben suna yin ja a hankali.