Tukur Ya Koyi Iyo a Kan Benci

Shekarar da ake gina madatsar ruwa kusa da Dutsin-Ma, aka ce ana neman mai tuƙa kwalekwalen ma'aikata, amma sai wanda ya iya iyo. Tukur, maƙwabcina a Kurfi, ya ƙwallafa rai a kan aikin. Ya gaji da cin rani, kowace shekara ya bar matarsa Kande ya tafi Kudu dako. Sai dai bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

A bayan wata tsohuwar jarida na ga tallar wata makaranta a Ikko mai koyar da komai ta gidan waya: ɗinki, gyaran agogo, har da iyo. Tukur ya rubuta musu. Darussa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zanen wani ƙato mai sanƙo kwance cikin layuka masu lanƙwasa, wai ruwa ke nan.

Kullum bayan la'asar sai Tukur ya kwanta ruf da ciki a kan benci a tsakar gida. In karanta masa abin da ɗan Turancina na elementare ya kama, sauran mu bi zane. Ya yi ta jan iska da hannuwa, yana dukanta da ƙafafu, kaji sun kewaye shi suna kallo.

"Malam," in ji Kande tana tankaɗe, "in ka isa gaɓa ka sayo mini gishiri."

Wata ranar kasuwa Cornelius, akawun masu aikin madatsar, ya shigo sayen ƙwan zabi ya tarar da mu. Shi a kwalejin kwana ya koyi iyo, a bakin kogin Binuwai, malami na tsaye a kansu da usur.

"Malam Tukur, ruwan naku ya yi zurfi yau?"

"Yi dariyarka, Malam akawu. Naka malamin sau ɗaya yake faɗa ya wuce. Nawa ko tsakar dare na tashe shi sai ya maimaita."

"To ya taɓa ganin ƙafarka? Kamar kana korar kare kake yi."

"Haka mai sanƙo yake yi."

Darasin hannu ya zo, na ƙafa ya zo. An rubuta cewa na gaba shi ne na numfashi, sai ruwan sama ya cinye hanya, motar wasiƙu ta daina zuwa. Tukur bai damu ba. Ya ce tun ranar da aka haife shi yake numfashi.

Ranar gwaji aka ɗaure duro a tsakiyar ruwa, injiniya ya ce duk wanda ya taɓo shi ya dawo ya ci. Tukur ya yi bismilla ya faɗa. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Hannu, ƙafa, komai daidai, sai ka ce mai sanƙon ne ya fito daga takarda. Amma fuskarsa na cikin ruwa, kuma bai ɗago ta ba, don a kan benci iska ba ta taɓa ƙare masa ba. Can sai hannuwan suka fara sanyi.

Cornelius ya ajiye takardunsa, ya shiga ruwan da takalmansa. Ya cim masa, ya kama kunnensa ya juya masa kai gefe.

"Shaƙi iska. To, mayar. Sake juyowa."

Haka suka taɓo duro suka dawo, ɗaya na iyo, ɗaya na riƙe da kunne. Kafin su iso gaɓa Cornelius ya saki, Tukur na juya kansa da kansa. Injiniya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce gobe Tukur ya fara aiki.

Da hanya ta gyaru darasin numfashin ya iso. Ga mai sanƙo ya juya kai gefe, baki buɗe.

"Ka gani?" in ji Tukur, yana nuna wa Cornelius zanen. "Da ma yana tafe da shi. Shi ya koya mini komai, kai kuwa abu guda ɗaya tak ka koya mini."

"Gudan nan ne ya dawo da kai wurin Kande," in ji Cornelius.

Har Cornelius ya koma garinsu ba su gama wannan gardama ba. Tukur bai sake zuwa cin rani ba. Bencin kuwa Kande ta mayar da shi wurin shanya kuɓewa. Ni abin da ke damuna daban ne: har yau ina tunanin ko mai sanƙon nan ya taɓa jiƙewa.