Ambulan Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara tara Ƙaramar Likita ta yi a sashen masu ciwon daji tana faɗa wa mutane abin da ya fi dacewa da su. Sai ga shi cikin wata huɗu Farfesa, wanda ya ɗauke ta koyon bincike, yana nema ya raba ta da wannan hali. Har yanzu kanta bai gama ɗauka ba.

Binciken nasu ba wuya a baki. Mata masu sankarar mama da aka yi wa tiyata, magani ɗaya ake ba su ta ƙarin ruwa. Wasu kaɗan-kaɗan kowane sati, wasu da yawa bayan sati uku. Wanne ya fi dacewa da matan da ke zuwa wannan asibitin? Farfesa ya ce ba wanda ya sani. Shi ya sa ba likita ke zaɓa ba. Akwai ambulan jere a kabad, an liƙe su, kowanne da lamba. Idan mace ta yarda ta shiga, sai a buɗe na gaba, abin da ke ciki shi ne rabonta.

Ranar Litinin aka kawo mata wata mai ɗinki da kowa ke kira Maman Biyu, saboda 'yan biyunta da ba su cika shekara biyu ba. Ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Likita ta karanta mata takardar yarda daga farko har ƙarshe, ita ko sai cewa take, "Ke kika sani, Likita." Ta sa hannu.

Likita ta shiga ɗakin kabad ita kaɗai. Ta sha ganin yadda na sati uku ke kwantar da mace kwana biyar, ko ruwa ba ya zama a ciki. Ita ma tana da 'ya mai shan nono, ta san abin da kwana biyar ke nufi a gidan da yara ke kuka. Ta zaro lamba arba'in da ɗaya, ta ɗaga shi saitin taga. Rana ta ratsa takardar: sati uku. Ta mayar. Ta ɗaga arba'in da biyu: kowane sati. Shi ta buɗe, ta rubuta a rajista, ta fito zuciyarta wasai.

Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar sashen, tana bakin ƙofa da tiren allura.

"Ƙanwata, yau kuma duba kike yi da hasken rana? In kin iya, duba min ko za a ba ni hutu."

"Kai, Sista, ƙura nake kakkaɓewa."

"Uhum. Ƙura mai lamba."

Ranar Alhamis da hantsi ta shiga ofishin Farfesa, kamar yadda suke yi duk sati. Fanka na juyawa, fayil-fayil sun cinye kujera ɗaya. Ya jera ambulan a tebur, ya ɗora yatsa kan wanda ba a buɗe ba.

"'Yar nan, a makarantarku daga arba'in sai arba'in da biyu?"

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, matar ba ta da ƙarfi. Goyo biyu gare ta. Ni likitarta ce, ba zan zuba ido takarda ta kayar da ita ba."

"Sau nawa kika yi?"

"Wannan kaɗai."

"Kina ganin na kowane sati ya fi?"

"Na gani da idona."

Ya cire tabarau ya murza ido. "To mu ce kin yi gaskiya. Duk mai rauni kin tura ta can, masu ƙarfi kin bar su a na sati uku. Bayan shekara biyu mu ƙirga. Ina za a fi samun waɗanda suka jigata?"

Shi ya amsa da kansa.

"A wanda kike so ɗin. Mu rubuta cewa shi ne mara kyau, asibitoci su daina ba da shi. Garin neman gira kin tsone ido."

Nan fa kanta ya ɗaure. Ta bi maganar daga gaba, ta biyo ta daga baya, ba ta ga inda ya kauce ba. Ta kuma duba abin da ta yi ranar Litinin, nan ma ba ta ga inda ta kauce ba. Ta yaya taimakon mace ɗaya zai zama cutar da mata ɗari? In kuma haka ne, ita wace ce a ɗakin nan, mai magani ko mai ƙirga?

"To in maida ta na sati ukun?" ta tambaya.

"A'a. Kin riga kin leƙa, ya daina zama rabo. Za ta fita daga binciken, maganinta na nan ba abin da zai taɓa shi. Ki rubuta wa kwamitin da ke sa ido kan binciken abin da ya faru, ki sa sunanki. Amma kafin nan ki je ki faɗa mata da bakinki. Ita za ta zaɓa."

"In ta zaɓi wanda zai kayar da ita fa?"

"Kin tabbata zai kayar da ita?"

Ta fita tana tunani, har ta wuce ƙofar sashen sai da ta dawo.

Maman Biyu na zaune kan benci tana jiran sakamakon jini kafin a fara mata magani washegari. Mijinta, direban babbar mota, yana gefe riƙe da jakarta. Likita ta ja kujera ta zauna gabansu, ta yi bayani. Sau biyu tana rikicewa tana komawa farko.

Direban ya ce, "Tsaya, Likita, ban gane ba. An kore ta ne?"

"Ba a kore ta ba. Ni ce na yi kuskure."

"Maganin ne ba kyau?"

"Duka biyun suna da kyau."

"To wanne ya fi?" in ji Maman Biyu.

Likita ta ce, "Ban sani ba."

"Ikon Allah! Ranar Litinin kin sani, yau Alhamis kin manta?"

Sista da ke wucewa ta ƙyalƙyale da dariya. Likita ta ji kamar ƙasa ta tsage.

Maman Biyu ta gyara mayafi, ta dubi mijinta, sannan ta rage murya. "Likita, in dai ni zan zaɓa, a ba ni na sati uku. Mota uku nake hawa kafin in iso nan. Baban Biyu sai ya yi kwana goma a hanya. Ƙanwata na iya riƙe min yaran kwana biyar a jere, amma duk sati? Mijinta ba zai yarda ba. Da na zo sau biyu, sau uku, zan ɗauke ƙafa."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na ga kin fito kina murna kamar an yi miki albishir. Kunya ta kama ni."

"Zai wahalar da ke fa. Amai, kasala, bakinki ma..."

"Haihuwar 'yan biyu na yi, Likita. A dai ba ni maganin aman."

Likita ta buɗe fayil a cinyarta. Har yanzu zuciyarta na gaya mata na kowane sati ya fi sauƙi, kuma ta kasa gane ko ilimi ne ke magana ko tausayi. Ta soke abin da ta rubuta ranar Litinin, ta rubuta sati uku, ta ƙara maganin amai iri biyu. Ta yagi takarda ta rubuta lambar wayarta.

"Rana ta biyu in ruwa bai zauna ba, ki kira ni. Kada ki ji kunya."

"Ke ma in kin tuna wanda ya fi, ki kira ni," in ji Maman Biyu, tana ƙulle takardar a bakin mayafi.