Jirgin Da Ba Ya Ɗaukar Jiƙaƙƙu

Zafin rana ya sauko kan rumfar taron 'yan kasuwa kamar an kifa murfin tukunya. Tasalla mai ɗinki tana zaune a bencin baya, kanta na sarawa, zazzaɓi na bin jikinta. Daga asibiti ta taho, inda ta bar 'yarta Badi'a kwance, ciwon sikila ya sake tashi yana gwaguyar ƙasusuwanta. Tun da aka kwantar da yarinyar Tasalla ba ta rintsa ba, amma ta ce sai ta zo, domin yau za a tattauna inshorar lafiya da ake so a wajabta wa kowane ɗan kasuwa.

Wakilin kamfanin inshorar, wani mai kwat da ke ta yaƙe haƙora, ya ce kowa sai ya shiga, babu zaɓi. Tasalla ta miƙe ta tambaye shi ko tsarin zai ɗauki Badi'a.

"Hajiya," ya ce yana gyara wuyan riga, "ciwon da mutum ya shigo da shi ba namu ba ne. Namu shi ne wanda ya same shi bayan ya shiga."

"Da shi aka haife ta. Yaushe kake so ta shiga? Tun tana ciki?"

Kafin ya buɗe baki, Mamuda mahauci, maƙwabcin rumfarta, ya riga ya tashi yana dukan ƙirji. Shi ko ciwon kai bai sani ba, in ji shi, a kan me za a tilasta masa ɗaukar nauyin cutar wasu? Taro ya hargitse. Tasalla ta koma ta zauna zuciyarta na tafasa, ta rasa wanda ya fi ƙona mata rai tsakanin mai kwat da mahauci. Ta jingina kai da ginshiƙi. A hankali hayaniyar ta narke, ta koma ƙarar ruwa.

Sai ga ta tsaye a tsakiyar kasuwa, ruwa ya cinye hanyoyi, rumfuna na yawo a kansa kamar ƙorai. Badi'a na goye a bayanta, budurwa guda amma ba ta fi audugar matashi nauyi ba, ruwa na ɗiga daga jikinta ba ƙaƙƙautawa. Ita kuwa Tasalla, duk da tana cikin ruwan, zaninta a bushe yake ƙayau.

Wata doguwar sandar ƙarin ruwa irin ta asibiti ta taho tana ɗingishi, leda na reto a inda ya kamata kai ya kasance.

"Biyo ni, uwar Badi'a," in ji sandar. "Duk wanda na taɓa tsayawa a kansa, wannan hanyar ya bi."

Suka ratsa layin 'yan tumatir, sai layin ya buɗe ya zama gaɓar kogin da ba a hango ƙarshensa. A bakin gaɓar akwai jirgin ruwa mai tsawon kasuwar gaba ɗaya. Mai shela na ta kururuwa cewa kowa dole ya shiga. An ɗaura wa mutane igiya a ƙugu ana jan su, masu so da masu turjewa. A kan katakon hawa jirgin kuma wani kada ne tsaye da ƙafa biyu, sanye da kwat, yana lasar bakin rigar duk wanda ya zo. Busasshe ya wuce ciki. Jiƙaƙƙe kuwa sai ya kaɗe shi gefe da wutsiya.

Tasalla ta dubi waɗanda aka kaɗe. Ga wani dattijo da tururuwa ke bin sawunsa saboda zaƙin jininsa. Ga wata mata da zuciyarta ke bugawa kamar ganga har ana ji daga nesa. Ga mai juna biyu riƙe da ƙugu. Ruwa ya riga ya kai musu gwiwa.

Da layi ya zo kanta, kada ya lasa zaninta ya ce, "Ke a bushe kike, dole ki shiga. Sauke kayan da ke bayanki."

"Kaya? 'Yata ce."

"A jiƙe take."

"To don wa aka sassaƙa jirgi, in ba don wanda ruwa ya ci ba?"

"Don wanda ruwa zai ci nan gaba," in ji kada, ya haɗiye miyau.

Tasalla ta fizge igiyar da aka ɗaura mata a ƙugu, ta zagaya bayan jirgin tana huci, sandar na biye da ita. Can ta tarar da mai jirgin, tsoho ne mai fuska kamar busasshen tabki, yana kwarfe ruwa da ƙoƙo.

"Baba, kai ne mai wannan zaluncin?"

Tsohon bai ɗago ba. "A da ba na tilasta wa kowa. Busassu suka yi zamansu a gida, ba sa zuwa sai ruwa ya kai musu wuya. Jirgi ya cika da marasa ƙarfi, babu mai tuƙi. Ya nutse da mu duka."

"To ga busassun an ɗaure maka su kamar awaki. Me ya hana ka ɗaukar 'yata?"

Ya nuna kada da haɓa. "Cewa na yi a kawo busassu su tuƙa jiƙaƙƙu. Shi rabin maganar ya ɗauka, rabin da ke da maiƙo."

"Kai kuma ka zuba ido."

Tsohon ya ci gaba da kwarfe ruwansa. Tasalla ta tofar da miyau a gabansa ta juya.

Nan ta hango Mamuda mahauci a kan wani farin tudu, ya datse igiyarsa da wuƙar fawa yana dariya. "Yaya Tasalla, ni a tudu nake, ruwa bai san sunana ba."

"Tudun gishiri ne," sandar ta raɗa mata.

Ta duba da kyau. Ruwa na lasar gindin tudun, yana raguwa kaɗan-kaɗan, inuwar Mamuda ma ta riga ta jiƙe sharkaf, shi bai sani ba. Ta buɗe baki za ta zage shi, sai zagin ya maƙale. "Sauko, Mamuda," ta ce. "Ranar da za ka nemi jirgin nan, kada ne zai lasa rigarka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, amma bai sauko ba.

A lokacin ne Badi'a ta yi magana daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Umma, sauke ni ki shiga. Na saba da ruwa."

Maganar ta soki Tasalla fiye da duk abin da ta ji a ranar. Ta ƙara tamke goyon, ta warce gorar tuƙi daga hannun wani, ta taka katakon hawa. Kada ya tare hanya ya wage baki. A cikin bakin ta ga gadajen asibiti jere reras, da fararen zannuwa masu ƙamshi, ba kowa a kansu.

Ta juya ga busassun da ke cikin jirgin. "Ku ajiye gora. Kada wanda ya tuƙa sai an ɗauki mutanen gaɓa. Gobe ku ne a can."

Wasu suka ajiye. Wasu suka kau da kai suka ci gaba da tuƙi, jirgin ya karkace yana juyawa wuri ɗaya. Ruwa ya kai wa dattijon nan ƙirji. Kada ya matso, numfashinsa na warin magani. Tasalla ta ɗaga gorar sama da duk ƙarfin da ya rage mata.

"Tasalla ma ta ɗaga."

Ta farka firgigit. Muryar shugaban 'yan kasuwa ce, yana nuna ta da yatsa yana ƙirga hannuwa, ana ƙuri'a a kan inshorar. Hannunta na sama a dunƙule, gumi ya jiƙa mata wuya. Rabin rumfar sun ɗaga, rabi sun naɗe nasu a ƙirji. Mamuda na can gefe, hannunsa ya tsaya a daidai kafaɗa, bai kai sama ba bai kuma sauka ba, yana kallonta.

Ta taɓa matar da ke kusa da ita. "Me aka tambaya?"

"Ke da kika riga kowa ɗagawa kike tambayata?"

Tasalla ba ta sauke hannun ba. Ta miƙe da shi a haka.

"Shugaba, dakata," ta ce da dusasshiyar murya. "Kafin ka ƙirga hannun nan, ka tambayi mai kwat ya gaya mana, na mutum ɗaya ne ko na mutum biyu, ni da Badi'a?"