Gwajin Waya a Gaban Injin Katako

Kafinta ya haura sittin, gemunsa duk furfura, amma har gobe Auta yayarsa take ce masa, kuma har gobe in ta ɗaga murya sai ya ajiye guduma. Ran nan da hantsi ta shigo shagonsa, ta tsallake tarin katako, ta tsaya masa a ka har sai da ya kashe injin yanka. Ƙorafinta ɗaya ne: wata uku ke nan tana kiransa ba ya ɗauka.

Ya zaro wayarsa ya nuna mata. Gilashinta a tsage, bayanta ɗaure da roba, ƙurar katako ta toshe ta har kukanta ya koma na sauro. Ya rantse shi ko alamar kiran bai gani ba. Yaya ta ce ina zai gani, waya ta makance ta kurmance. Ta sa shi ya wanke hannu, ta tasa shi a gaba har shagon wayoyi na bakin titi.

Mai shagon wata budurwa ce mai fara'a. Tun daga ƙofa Kafinta ya gaya mata ba ya son ta shafawa, don yatsunsa sun yi kanta, ko ya shafa ba ta jin maganarsa. Ta yi murmushi, ta jera masa ƙananan wayoyi uku a kan tebur.

Ta farko baƙa ce siririya, mai layi biyu da kyamara da wurin sa memori, sai dai cajinta kwana uku ne. Ta biyu ruwan ɗorawa ce, mai kauri, jikinta lulluɓe da roba don kada ƙura ta shige ta. Ba ta da kyamara, amma tana da tocila mai ƙarfi, batirinta kuma yakan kai mako biyu. Ta ukun madannanta manya ne kamar ƙwayar dabino, rediyonta na kamawa ba sai an jona abin kunne ba.

Yaya ta nace a kan baƙar, wai ya riƙa ɗaukar hoton kujerunsa yana nuna wa masu saye. Don a gwada, Kafinta ya ɗauke ta hoto. Ta karɓa ta duba, ta ga wata inuwa mai ɗankwali, ta ce wannan ba ita ba ce, kuma ko a dangi ba su da mai irin wannan hanci. Shi kuwa zuciyarsa na kan mai kaurin, ita ta ce da sabulun wanki take kama. Da aka zo batun ƙara, mai shago ta kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta cika ɗakin.

"'Yata," in ji Kafinta, "a nan ko agogo ya yi motsi za a ji. Ni a gaban inji nake yini."

Sai mai shago ta zuba wayoyin a jaka, ta ja ƙofar shago ta kulle, ta ce su je ta ga injin da idonta.

A can aka sa layinsa a baƙar, ya jefa ta a aljihun gaba, ya tada inji. Mai shago ta kira har ya katse, Kafinta na tsaye yana kallonsu yana jiran a fara. Aka mayar da layin cikin mai kaurin, ta kunna mata jijjiga. Kira na shiga ya yi tsalle ya dafe ƙirji, ya zaci wani abu ne ya shige masa riga. Matan nan biyu suka yi ta dariya har Yaya na share hawaye.

Sai Yaya ta ce ita ma sai ta gwada da hannunta. Ta ciro 'yar wayarta, ta ƙanƙance ido, ta danna lambar da ta haddace. Aljihun Kafinta shiru. Can sai wata muryar namiji ta amsa a kunnenta.

"Mama, ke ce kuma? Ina wuni."

Ashe wani direban babbar mota ne. Ya ce tun kiran farko ya so ya gaya mata ta ɓata lamba, amma faɗa take ta yi wa wani Auta, ta kashe kafin ya buɗe baki. Daga nan kuma duk kiranta a kan hanya yake samunsa, hannunsa a sitiyari. Mai shago ta duba wayar ta gano matsalar: madannan ƙanana ne, inda Yaya ke nufin biyar, takwas take dannawa.

Kafinta ya zauna a kan benci yana dariya har da tari. Tun yana yaro bai taɓa kama yayarsa da laifi dumu-dumu haka ba. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce duk da haka wayarsa ta mutu, ya gode wa Allah da ta ɓata lambar. Sannan ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki mai manyan madannan, ta nesanta ta da fuskarta, ta karanto lambobin tas ba tabarau.

Haka aka rabu: shi da mai kauri, ita da mai manyan madannai, baƙar ta koma jaka. Kafinta ya zaɓo wata 'yar kujera da ya gama jiya ya ba mai shago, ya ce ladan tattaki ce. Yaya kuma ta gyara zama, ta sake kiran direban, wannan karon da gangan. Ta ba shi haƙuri a taƙaice, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga yi masa faɗa a kan gudu da mota.