Ranar da Muka Fasa Akwatin Corinne

Ban taɓa jin tsoron hannuwana irin na wannan hantsin ba. Ina tsaye a bakin gadon Madam Kosiba, maƙwabciyata ta hawa na biyu, riƙe da sukundireba, abin da take so in fasa kuma yana ajiye a kan tawul a saman cinyarta.

"Farfesa," ta ce, tana gyara robar iskar da ke hancinta, "likita ya ce kwanakina ba su da yawa. In a kanka za su ƙare, gaya mini in kira mai gyaran famfo."

Mujallar zane ce, ta labarin wata ƙungiyar jarumai, wadda ta fito tun tana budurwa a nan Milwaukee. Ɗanta Russell ne ya saya mata kyauta lokacin da ta yi ritaya, kuma irin ta masu tarawa ya sayo: kamfani ya duba ta, ya ba ta maki, ya kulle ta cikin akwatin roba mai tauri. Duk ranar da aka buɗe akwatin, makin ya mutu. Na san haka sarai, domin diflomata a kan adana tsofaffin takardu ce, kuma rayuwata duka a kan hana mutane taɓa takarda take.

"Madam Kosiba, Russell ya san da wannan?"

"Russell ya saya mini littafi ya garƙame shi. Shekara da shekaru ina kallon bango kamar mai leƙen abinci ta taga. Fasa."

Na sa bakin sukundireban a kusurwa, na rufe ido ɗaya, na murɗa. Robar ta yi ƙara, ta tsage har ƙasa. Wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar takarda da tawada, sai na ga tsohuwar nan ta ja numfashin da ban ga ta ja irinsa ba tun da aka dawo da ita daga asibiti.

"Ƙamshin kantin maganin unguwarmu, inda nake sayen mujallar nan ina budurwa," ta ce. "Wallahi shi ne. Cire wannan farar safar hannun, ba tiyata za ka yi ba. Idona ya daina ganin ƙananan rubutu, kai za ka karanta."

Na fara, a hankali, ina ba kowace kalma haƙƙinta.

"Tsaya, tsaya. Duniyar wata ce ke tsagewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, kai kuma kana karantawa kamar mai sanar da tashin jirgi. Ina muryar Kyaftin, shugaban jaruman? Daga ciki ake fito da ita."

Na fito da ita daga ciki. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta yi mini alama da hannu in ci gaba. A labarin, jaruman sun maƙale a kan wani wata da ke rugujewa, a tsakiyarsa kuma akwai rijiya cike da taurari. Mazan sun gwada ta ɗaya bayan ɗaya, tana watso su. Corinne, mace ɗaya tilo a cikinsu, tana gefe.

"Ka gan ta?" in ji Madam Kosiba, tana buga shafin da yatsa. "Tun da aka fara labarin nan aikinta suma. Ta suma, a ɗauke ta. Ta farfaɗo, ta dafa kofi. Ni kuma lokacin ina wanke kwalabe a masana'anta, wani ƙaton banza yana kirana 'yar tsana. Juya, Farfesa, juya."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ina tsakiyar ɗakin, hannu ɗaya a sama, ina ruri da muryar mugun sarkin watan, sai ƙofa ta buɗe. Russell ne, riƙe da kwanon miya. Ya dubi ɓaraguzan robar a kan tawul, ya dubi mujallar a hannuna, hannun da babu safa.

"Mama, me kuka yi?"

"Karatu."

"Kin san wahalar da na sha kafin in samo mai wannan makin? Kai kuma, Emmett, kai da na ɗauka kana da hankali?"

Na shirya ba da haƙuri, amma ta riga ni.

"Ajiye miyar ka zauna. Farfesa bai iya mugu ba, kamar yana neman alfarma. Kai kuwa tun kana yaro ka iya."

Ya ajiye miyar. Sannan ya zauna a bakin gadon, ya leƙa shafin, ya yi gyaran murya. Muryar da ta fito daga bakin wannan mutum mai sanƙo da katin ofis a wuya sai da ta sa ni ja da baya. Muka raba aikin: shi mugu, ni Kyaftin da sauran mazan. Corinne kuwa ba wanda ya karanta ta, domin Madam Kosiba ta haddace maganarta kaf, tana faɗa kafin idona ya kai wurin.

Sai Corinne ta taka zuwa bakin rijiyar, ta zura hannu. Na juya shafin. Zane ɗaya ne ya cika shafi biyu: tana tsaye a sarari, gashinta ya zama dare, taurari na zuba daga tafin hannunta, mazan can ƙasa ƙanana kamar tururuwa. Ni da Russell muka yi shewa tare, kamar a filin ƙwallo.

"Washegarin ranar da na ga wannan," ta ce, "na je na nemi aikin tuƙin bas. Suka yi dariya. Ni na yi ritaya ina koya wa 'ya'yansu." Ta ɗora tafinta a kan zanen. "Kada ku juya. Ku bar mini ita a sama yau. Gobe ma ƙarasa."

Washegari da safe, kafin ma'aikaciyar jinya ta iso, ta rasu.

Da la'asar na hau na sami Russell a teburin kicin, mujallar a gabansa, kusa da kofin da ya huce. Na ce masa ana iya mayar da ita kamfanin a sake rufewa, ko da makin zai ragu. Ya lasa yatsa ya juya shafi, ni kuwa ban hana shi ba.

"Fadan cocinmu ya ce a sami wanda zai yi magana ranar jana'iza," ya ce. "Ni ba zan iya ba. Ina buɗe baki shi ke nan."

Ni mutum ne da ko a taron ofis sai na rubuta gaisuwa a takarda kafin in furta ta. Na hango cocin cike da tsofaffin direbobin bas. Hasken yamma ya faɗo a kan shafin da muka tsaya, inda gefen takardar ya ɗan lanƙwashe daidai wurin da ta dafa.

"Ni zan tashi," na ce. "Daga nan zan ɗauka, in karanta mata sauran."