Wankin Maman Kevin

A gidan hayarmu na unguwar Kudenda, in ana maganar ƙazanta ni ake kallo, in ana maganar tsafta a kalli Scholastica. Ban taɓa musu ba. Ni Dije, wanki ba ya cikin abubuwan da Allah ya hore mini. Ita kuwa Maman Kevin, kamar yadda muke kiranta, ko tsumman goge ƙafa sai ta sa masa bula.

Mijinta Albert da mijina Shehu aiki ɗaya suke yi a wata gonar kaji da ke bayan masana'antu. Su ne masu kwashe kashin kaji da dusar katako bayan an fitar da kaji, su ɗura a buhu a sayar wa manoma. In sun taso, warinsu ne ke riga su yin sallama.

Bara da damina wasu masu bincike daga jami'a suka je gonar. Shehu ya ce sun jera 'yan faya-fayan roba a ɗakunan kajin, sun kuma maƙala wa ma'aikata wata 'yar na'ura mai zuƙar iska a wuyan riga. Da suka dawo suka ce iskar wurin cike take da ƙwayoyin funfuna waɗanda ido ba ya gani, masu shiga huhu su yi gida. Suka raba wa mazan takunkumi, irin mai taurin nan da ƙarfe a kan hanci, suka yi musu dogon bayani. Mazan kawai. Duk iliminsu, babu wanda ya tuna cewa abin da namiji ya cire daga jikinsa a hannun mace yake kwana.

Shehu a ƙusa yake rataye nasa. In ya yi baƙi ya yar, ya ciro wani daga jakarsa, ni ko kallo bai ishe ni ba. Na Albert kuwa kullum sai ya sha ruwan zafi da omo da buroshi, a shanya, a bi shi da dutsen guga. Fari tas, kamar yau aka sayo.

"Haba Maman Ummi," in ji Scholastica wata rana a bakin famfo, ta ɗago takunkumin Shehu da yatsu biyu. "Wannan abu a bakin mijinki? Abeg, ki ji tsoron Allah."

Matan gida suka kwashe da dariya. Na ji kunya ƙwarai, amma ba ta kai ta tashe ni daga kan tabarma ba.

Tarin Albert a hankali ya soma. Aka ce sanyi ne, aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata da watanni ba sauƙi. Mutumin da ke saɓa buhu kamar wasa ya koma sai ya dafa bango kafin ya kai banɗaki. Daga baya hoton ƙirji ya nuna funfunar nan ce ta cinye masa huhu. Ya bar aiki, ya bar zuwa coci. Daga ɗakina nake jin numfashinsa yana fita da ƙyar, kuma wallahi tsoro yake ba ni.

Wata ranar Asabar da hantsi shugabar masu binciken, Dakta Khadija, ta zo duba shi. Abin ya ɗaure mata kai, domin a cikin mazan da ta ba takunkumi shi kaɗai ne ya kwanta haka. Ta zauna a kan benci a ƙofar ɗakin, ina gefe ina tsintar wake.

"Ko ba ya sawa ne?" ta tambayi Scholastica.

"Yana sa, Dakta. Every day. Bari ki gani."

Ta shiga ta fito da shi a ninke, tana murmushi irin na wadda ta san za a yaba mata. Dakta ta karɓa, ta shinshina, ta ɗaga shi sama. Hasken rana ya ratso ta cikinsa.

"Wanke shi kike yi?"

"Kullum mana. Har guga. Ni ba na wasa da Baban Kevin."

Dakta ta sauke takunkumin a kan cinyarta. Sannan ta yi bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce a cikin irin wannan takunkumin akwai wani shafi mai janyo ƙwayoyin cuta ya riƙe su, yadda leda ke manne wa hannu. Sabulu da zafi kashe shi suke yi. Abin da ya rage ƙyalle ne kawai, ba ya tare komai.

Nan na tuna Shehu ya taɓa ce mini Albert ne ke shiga can ƙuryar ɗakin kajin inda ƙura ta fi turnuƙewa, wai nasa takunkumin ya fi daɗin numfashi. Na haɗiye maganar. Ƙazantata ce ta tsare mini miji, amma ban ji ko ɗigon farin ciki ba.

"To ba a faɗa wa mazan ba ne?" in ji Scholastica.

"An faɗa," in ji Albert daga kan gado. Ya tsaya ya ja iska. "Na ga... kina jin daɗin yi ne, Scola."

"Laifinmu ne," in ji Dakta. "Da gidaje ya kamata mu zo."

Scholastica ba ta saurare ta ba. "Yanzu in na daina, zai warke?"

"Magani zai iya rage gudun cutar. Amma inda huhu ya lalace ba ya dawowa, Maman Kevin. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Sai ta faɗa ɗaki da gudu, muka bi ta. Ta janyo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta watsar da zannuwan bikinta a ƙasa, ta ciro wata leda. Ashe sauran takunkuman da aka ba Albert ne, sababbi fil, ko ɓare su ba a yi ba. Ta ga asara ce a riƙa yar da abu mai kyau, ta adana masa su saboda ranar da mutanen jami'a za su tafi.

"Ga masu kyau, ga su nan," take ta faɗi. Ta ɓare ɗaya, ta ɗago kan Albert, ta ɗaura masa, ta matse ƙarfen a kan hancinsa. Dakta ta buɗe baki za ta hana, na riƙe mata hannu.

Bawan Allah ya yi ƙoƙari don ya faranta mata. Takunkumin ya lotsa ciki, ya kumburo, ya sake lotsawa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka firfito. Ya ɗago hannu yana laluben igiyar a bayan kunnensa, ya kasa kamawa.

"Cire mini, Scola," ya ce. "Ba na iya ja."